Cikon da Tanti Senami Ta Gasa wa Mijinta

A unguwar Akpakpa, can bayan gadar Kwatano, akwai wani ɗaki mai ƙaramar tanda inda Senami Ahuwansu ta shekara ashirin da biyu tana gasa cikon haƙori na tangaran. Likitan haƙori zai rarake inda tsutsa ta ci, ya aiko mata da kwafin bakin, ita kuma ta ƙera ɗan guntun da zai zauna a ramin daram. Marasa lafiya ba su san fuskarta ba, amma rabin unguwar da aikinta suke tauna.

Hali ɗaya gare ta: in ramin bai yi zurfi ba, ba ta taɓawa. Tangaran in ya yi siriri fashewa yake, ko bana ko baɗi. Tsohon likitan da take wa aiki ya san haka, dariya kawai yake ya ƙara raraka. Da ya yi ritaya sai ɗansa, Dokta Sejiro, ya karɓi asibitin. A sati guda ta mayar masa da kwafi uku.

Ya kira ta ya ce, "Tanti, ni na yi karatun ko ke? Kika sake dawo min da ɗaya, waje zan riƙa aikawa."

Asibitin nan kuwa shi ne kusan duk aikinta. Ba ta yi musu ba. Washegari da azahar ta iso asibitin da mijinta Gbenu, tsohon direban tashar jirgin ruwa, da kwanon miyar kuɓewa da ƙaguwa.

Ta ce wa mijin, "Fofo, zauna ka ci."

"A nan? Matar nan, so kike a kore mu?"

"Yau ka fara jin kunya? Ci, Dokta na kallo."

Gbenu ya ɗauki ƙafar ƙaguwa ya kai ta can ƙuryar baki, ƙarass! Ya tauna har ɓawon, ya tsotse, ya ƙara wata. Dokta Sejiro sai runtse ido yake.

"To kurkure bakinka ka hau kujera," in ji ta. "Dokta, akwai aikina a cikin bakinsa, shekararsa goma sha tara. Babanka ya raraka, sau biyu ina mayar masa da kwafin. Nemo shi."

Likita ya kunna fitila, ya bi turamen haƙoran da madubi ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya zagayo na biyu ya gano shi a hagu ta ƙasa, bakin cikon lafe da haƙori, ko tsaga babu. Ya ƙwanƙwasa, ya sa tsinken ƙarfe ya bi gefen, bai sami inda zai maƙale ba.

"Papa, kullum haka kake ci?"

"Ranar Lahadi har da ƙashin akuya," in ji Gbenu, baki buɗe. "Ita ke dafawa, don ta gwada kayanta a kaina."

Likita ya ajiye madubi, ya jawo kwafi ukun nan daga aljihun tebur, ya daɗe yana jujjuya su.

"Zurfin nawa zan ƙara, Tanti?"

Ta nuna masa da bakin farcenta. "Kamar haka. Wannan na tsakiya kuma, matar da ke da shi tana cizon haƙora cikin barci, dubi yadda suka side. Ƙara mata fiye da sauran."

Ta rufe kwanonta za ta fita, Gbenu ya riƙe gefensa. Akwai sauran ƙafa biyu a ciki.