Malama Nas ta Ranar Asabar

A unguwar Kambarawa, idan ka ga wata ƙaramar mota ruwan toka ta fito da baya-baya daga lungu ranar Asabar tun rana ba ta yi zafi ba, kujerar baya cike da yara, but ɗin cike da kuloli, to ba sai ka tambaya ba, Malama Ummusalma ce. Shekararta arba'in da huɗu, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yammata. Litinin zuwa Juma'a tana gaban allo. Asabar da Lahadi kuwa, da mutane ke kira ranakun hutu, ita a nan ne aikinta yake farawa.

Ku dai ji yadda Asabar ɗinta take. Kafin ƙarfe bakwai ta tuƙa tuwon alkama ta dafa zogale, don iyayenta duka biyu likita ya raba su da cimar kowa. Ta sauke Fadila a Islamiyya, ta ajiye Abba wurin darasin jarrabawar shiga jami'a, ta kai Nabil filin ƙwallo, shi da kullum sai an kusa isa zai tuna ya baro takalmi ƙafa ɗaya a gida. Mijinta Rilwanu yana da nasa tsohon a garin Mani, can yake wuni. Daga nan sai ta miƙa Ƙofar Kaura, gidan da aka haife ta. Ta auna hawan jinin mahaifinta Malam Iro, ta jera masa maganin mako a 'yan gwangwanaye bakwai, ta yanke masa farce yana zaune a zaure yana musu da mai karanta labarai a rediyo. Ta share, ta wanke, ta shanya. Kafin azahar ta koma tana tsintar yara ɗaya bayan ɗaya. Wata maƙwabciyarta ta taɓa ce mata, "Malama, ke kam yaushe kike zama?" Ta ce, "Idan danja ta tsayar da ni."

Amma akwai aiki ɗaya a gidan Ƙofar Kaura da bai taɓa zama nata ba, shi ne jikin mahaifiyarta.

Ummusalma 'yar fari ce, Hajiya Uwa kuwa mutuniyar da ce, irin masu riƙe alkunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta goggonta ta ɗauke ta, a can ta girma. Idan Hajiya za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", ko "ta Kambarawa". Idan Ummusalma ta shiga ta durƙusa ta gaishe ta, Hajiya takan amsa tana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Wanka da kitso da tausar ƙafa duk na Iklima ne, autar gidan, wadda ke hawa gadon Hajiya ta yi ɗaiɗai tana cinye mata dabino. Ummusalma iyakarta bakin tabarma.

Sai ciwon suga ya buɗe gyambo a diddigen Hajiya. Likita ya tara 'ya'yan biyu ya nuna musu yadda ake wankewa da ɗaurewa, ya ce, "Kullum ne fa. Kullum. Idan aka yi masa sakaci kwana biyu uku, ba na son in faɗi abin da zai biyo baya." Ba wanda ya ce ya faɗa. Kowa ya san ƙafar ake nufi, za a yanke ta.

Aka tsara: ranakun aiki wata nas ke zuwa, Asabar da Lahadi Iklima. Haka aka yi wata guda lafiya lau. Sai wata Alhamis Iklima ta haihu ta hanyar tiyata, washegari kuma aka yi wa nas rasuwa ta tafi Funtuwa. Juma'a ta wuce ba a taɓa ƙafar ba.

Asabar ɗin Ummusalma ta iso cikin leshinta mai kyau, saboda ƙarfe biyu ajin su Fadila za su yi karatu a gaban iyaye, ta kuma yi wa yarinyar alkawarin zama a layin gaba. Tun daga bakin ƙofar ɗakin hancinta ya gaya mata abin da ake ciki. Ta durƙusa ta gaisa, sannan ta ce, "Hajiya, a bari in duba ƙafar."

Hajiya ta jawo zane ta rufe ƙafar ruf. "A bar shi. Iklima na zuwa."

"Iklima na gadon asibiti, Hajiya. Ko miƙewa ba ta yi."

"To a jira nas."

"Sai Litinin za ta dawo."

"Litinin ɗin ba ta Allah ba ce?"

"To mu tafi asibiti, ga mota nan."

"Ba inda za ni. Ke tahi ki ji da yaranki."

Ta fito tsakar gida ta yi ta buga waya tana neman wanda zai wanke ciwon. Wannan ba ya gari, waccan tana bakin aiki sai dare. Ta leƙa maƙwabta, matar gidan ta ce ita ko kaza aka yanka sai ta rufe ido. Ta dawo zaure wurin Malam Iro, ta ce, "Baba, ka sa baki mana."

Tsohon ya rage muryar rediyo. "Shekara hamsin ina zaune da ita, ban taɓa kayar da ita a musu ba. Yau da na tsufa zan fara? Kunyarki take ji, ke ma kin sani. Ta gwammace a yanke."

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Ummusalma ta tsaya a bakin titi hannunta a kan mota, rana na dukan kanta. Yara uku na jiran ta a wurare uku. Ta kira Abba ta ce ya ɗauko Nabil a Keke Napep su wuce gida, Fadila kuma ta zauna a makaranta. Ta yanke wa kanta shawara: za ta koma ta durƙusa a gaban gadon nan, ko da za ta kai magariba a durƙushe, ba ta tashi sai an ba ta ƙafar.

Ta buɗe but don ɗauko auduga da ruwan wanke ciwo. A nan ta ga farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwaje, wadda ta kwaso za ta wanke. Wallahi ba da wata dabara ta sa ta ba, leshinta kawai take tsoron ya ɓaci. Ta ɗora ta, ta ɗaura takunkumi, ta sa safar hannu. Ta wuce ta zaure, Malam Iro ya bi ta da ido ta saman tabarau.

Ta yi sallama a bakin ƙofa. Hajiya ta ɗago. To ku sani Hajiya Uwa har yau ita ke zura wa kanta zare a allura, kuma ta san takun kowa a gidan nan tun daga zaure. Ta kalli farar rigar, ta kalli takunkumin, sannan ta kalli idanun da ke samansa, kallo sosai, irin wanda ba ta taɓa yi wa 'yarta ba.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. "Malama Nas ce? Shigo, shigo. Sannu da rana."

Ummusalma ta buɗe baki za ta ce ai ita ce, sai ta ga hannun tsohuwar ya janye zanen daga kan ƙafar a hankali. Ta haɗiye maganar.

"Ina wuni, Hajiya? Ya jiki?"

"Lafiya lau, da godiya. Ya aiki? Ya mutanen gida? Ya yara?"

"Duk lafiya, Hajiya."

"Madalla. Ga ta nan, ki yi aikinki."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a kan cinyarta. Shekara arba'in da huɗu, yau ta fara sanin nauyin ƙafar mahaifiyarta, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ta yarinya. Ga sauran lalle a farata. Bandejin ya manne, sai da ta jiƙa shi ta riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Gefen ciwon ya fara canza launi amma bai yi nisa ba. Ta yi bisimilla ta fara wankewa kamar yadda likita ya nuna.

Hajiya ta cije leɓe, can ta ce, "Ke ɗiyar wace unguwa ce?"

"Kambarawa, Hajiya."

"Allah sarki. Ina da ɗiya a can, malamar makaranta. Halan kin san ta?"

"Ina jin labarinta."

"Ba ta zama. Nan, can, nan, can, kamar an ɗaura mata inji. Tsohon nan da kika wuce a zaure, ba don ita ba da tuni ya shanye maganin mako a rana guda." Auduga na tafiya, Hajiya ta ci gaba da cewa, "Ita ce ta fari. Ranar da goggonta ta zo ɗaukar ta, ni na ƙulle mata 'yan kayanta. Na shiga madafa na zauna, aka ce mi ya samu idona, na ce hayaƙi ne. Ko wuta ban hura ba ranar."

Ummusalma ta sunkuyar da kai. Hawayen suka gangara cikin takunkumi, ta bar su, don hannayenta duka biyu suna kan aiki.

"Ranar da ta gama jami'a aka kawo hoto, kowa ya kalla ban kalla ba. Yana nan ƙarƙashin katifar wagga. In kin gan ta, Malama Nas, ki ce mata ta riƙa cin abinci, ta rame. Ki ce mata na yafe mata duniya da lahira, ko da yake ba ta yi mani komai ba." Sai ta gyara murya. "Ki kuma ce mata tuwon alkamar nan yana yin tauri. Mu haƙoranmu sun tahi."

"Zan gaya mata, Hajiya."

Ta naɗa sabon bandeji, ta sauke ƙafar a kan matashi, ta tattara kayanta. Suka yi sallama irin ta baƙi, har da a gaida gida. A zaure ta cire rigar tana ninkewa, Malam Iro ya ce, "Malama Nas, in kin fita ki turo mani ɗiyata. Hannu guda ta yanke mani farce ta gudu."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta wanke fuska a bakin famfo, ta koma ɗakin cikin leshinta, ta durƙusa a bakin tabarma. Hajiya tana kallon bango.

"Ke, wata nas ta zo. Hannunta da sauƙi. Ta ce gobe ma tana zuwa."

"To, Hajiya."

Layin gaba kam ta rasa shi. A tsaye ta saurari karatun Fadila daga can baya kusa da takalma, tana ɗaga mata hannu. Da aka tashi yarinyar ta rungume ta, ta ja baya ta ce, "Mama, warin asibiti kike."

Mako bakwai ana haka. Kowace Asabar da Lahadi, tsakanin filin ƙwallo da Islamiyya, mata biyu ke shiga ɗakin Hajiya Uwa a jere, ɗaya a kalle ta a yi hira da ita, ɗaya a amsa mata ana kallon bango. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a gidan. A mako na bakwai likita ya kwance bandeji ya daɗe yana dubawa, ya ce nama ya cike, ƙafa ta tsira, sai dai a ci gaba da lura da ita.

Iklima ta riga ta yi arba'in, ta zo da jaririnta ta haye gado kamar yadda ta saba, ta ce, "Hajiya, na dawo bakin aikina. Asabar ni zan riƙa duba ƙafar."

Hajiya ta karɓi jaririn tana jijjiga shi. "Ji da ɗanki," in ji ta. "Ina da mai zuwa."