Ƙwaryar Reshen Jidda

Zariya zuwa Kano

Ana kiran assalatu muka bar gida ni da Malam maigidana. Motar da muka shiga ta tsaya sau biyu a hanya don zafin inji, direba yana ta ba da haƙuri. Ni ko kula shi ban yi ba, ina can ina shirya faɗan da zan yi wa aminiyata Rabi.

Ga dalilin tafiyar. Muna kwalejin horon malamai mata wata ɗaliba 'yar nesa ta rasu da damina, kogi ya cika, danginta suka kasa zuwa. Matar da aka ɗauko ta yi mata wanka a gaggauce kamar mai wanke kwano, ni da Rabi muna tsaye da ƙwaryar ruwa. Bayan jana'iza muka taru muka yi alkawari, duk wadda ta rasu a cikinmu 'yan makarantarmu ne za su wanke ta, aminiyarta ta riƙe ƙwarya. Asalin ƙungiyarmu ke nan. Kowane reshe akan ba shi ƙwarya mai zanen wuta a baki, in an rufe shi a karɓe ta.

Aure ya kai Rabi Jidda, ta buɗe reshe da tsofaffin ɗalibai biyu, daga baya suka dawo gida suka bar ta. Sai labari ya iso cewa ta cika reshen da matan da ba su taɓa taka kwalejin ba. Shugabanni suka ce a rufe. Tunda za mu umra, kuma an san ba na tauna magana, ni aka ɗora wa karɓo ƙwaryar.

Kano zuwa Jidda

Jirgi ya tashi da hantsi, muka sauka bayan la'asar cikin zafi mai danƙo. Ma'aikaci ya juya fasfo, ya buga hatimi, muka wuce Makka. Sai da muka sauke umra muka dawo Jidda, muka sauka a wani gidan baƙi a unguwar Bagdadiyya. Da safe aka kawo wake dafaffe da gurasa da shayi, na ci kaɗan.

Ruwais

Mai tasin Bahaushen Sudan ne. Da na ambaci gidan Rabi a unguwar Ruwais sai ya dube ni ta madubi, ya rage rediyo. Ya sauke ni a bakin wani lungu da iskar teku ke ratsawa.

Ina shiga na ga tabarmi shimfiɗe, mata zaune da carbi a hannu. Ba sai an gaya mini ba. Shekaranjiya aka binne Rabi, ina Makka ina ɗawafi. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Wata dattijuwa mai suna Zainabu, haifaffiyar Jidda, mai sayar da gyaɗa, ta zauna kusa da ni. Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce shekara da shekaru suna wanke matan da suka rasu ba dangi, har da marasa iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda kowa ke tsoron kusanta. Sannan ta tashi ta ɗauko ƙwaryar a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Rabi ta ce za ki zo karɓa, ya ukhti. Ta ce kina da zafi, kada mu yi musu da ke. Khalas, ga ta."

Na tambaye ta wa ya riƙe wa Rabi ƙwarya wurin wanka.

"Ni ce. Amma ta ce wurinki ne, a madadinki zan tsaya. Da sunanki na riƙe."

Na buɗe ƙyallen. Ƙwaryar ta tsage har wuri biyu an ɗinke, zanen bakin ya kusa shafewa don yawan hannu. Tamu ta Zariya tana bisa kabad, sabuwa fil. Na naɗe ta na mayar wa Zainabu a cinya, na ce mata daga yau ita ce shugabar reshe.

Dawowa

Mun iso Zariya lafiya da magariba, godiya ta tabbata ga Allah, sai kuma matan Ruwais da suka cika mini alkawarin da na makara. A taron farko shugabarmu ta dubi hannuna ta ce, "Malama Asabe, ina ƙwaryar?"

Na ce, "Hajiya, na tarar da ita ba ta bushe ba."