Kurciya Ta Wanke Fuska

A ƙauyenmu, can bayan Badaguishiri, muna yara, da an ci tuwo sai mu zagaye Kaka a bakin murhu. Tana gasa mana gyaɗa a raushi, tana korar hannuwanmu da kara. Ni take kira maigidanta, amma irin maigidan da karan ya fi sauka a kansa.

"Ga ta nan," za ta ce, "wanda duk yay yi kwana, ni ka cin rabonai."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta shekarar fari. Giwa ta haƙa rijiya, ruwan kaɗan ne, ta ce wanda ƙishi ya fi ci shi zai fara sha. Gizo ya yi birgima a toka, ya zo yana tangaɗi. Kura ta zaro harshe har ƙasa, alhali da safe ta sha ta ƙoshi a wani kududdufi da ta ɓoye. Kurciya kuwa ɗigo ɗaya ya rage mata, ga 'ya'ya a sheƙa. Ta ji kunyar shiga taro buɗu-buɗu, sai ta wanke fuska da shi. Giwa ta gan ta fes, ta ce ta koma baya.

"Kaka, me ya hana ta faɗa?"

"Kai dai, maigida, ba ka san mutane ba tukuna. Wani gara ya mutu da ya ce ba shi da."

Bara aka kawo tallafi, aka ce gidajen marasa ƙarfi su riƙa ɗiban ruwan famfo da rangwame. Ina cikin komitin zaɓen gidajen. Muka sa aka yi shela, masu amalanke da shanu suka cika dandali, kowa yana rantsuwa shi ya fi kowa babu. Inna Hajo, tsohuwar da ke riƙe da marayun ɗanta, ba ta zo ba. Aka ce tun da ba ta zo ba, ba ta buƙata. Sai na ga ashe mu ne Giwa, kuma abin ya dame ni.

Na je gaishe ta. Tsakar gida share tas. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zaga bayan ɗaki. Ta jikin danga na ji tana yi wa maƙwabciya raɗa: "Ara min moɗa guda, na yi baƙo. Namu na tabki na, ba a ba baƙo shi."

Ta dawo da ruwa garau. "Sha, ɗana. Mu dai sai godiya."

Na shanye da ƙyar, don in na ƙi na tona mata asiri. Washegari na yi wa komiti bayani, aka sa gidanta ba tare da shela ba. Da na kai mata labari ta daɗe tana duban ƙasa.

"Wa yag gaya maka?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce, Inna. Ta daɗe da rasuwa."