Gwangwani Ukun Yaya Guga

Duk wanda ya taɓa kai wanki shagon da ke bayan tashar mota ya san Yaya Guga. Ita ce matar nan da ke tsaye bayan tebur, tana guga tana surutu ita kaɗai. Rabin unguwa sun ɗauka ta zautu. Har akwai wadda ta rantse ta ji ta da kunnenta tana yi wa wandon wani bayanin yadda jini ke zagaya jiki.

To ba hauka ba ne, karatu ne. Shekararta arba'in da huɗu, 'ya'yanta biyar, kuma ta ɗaura ɗamarar sake zana jarrabawar gama sakandare. Makarantar koyon aikin jinya take so, ita kuwa makarantar ba ta ɗaukar wanda ya kai arba'in da biyar. Zama ɗaya ke nan ya rage mata. In ta faɗi bana, ita da dutsen guga sai dai mutuwa ta raba.

Mai tsayuwa daga safe har yamma yaushe za ta buɗe littafi? Sai ta yi dabara. Kun san 'yan katin nan da ake maƙala wa tufafi a rubuta lambar mai kaya? Su ta roƙi mai shagon ya riƙa bar mata. Gaba ta rubuta tambaya, baya amsa. Ta jera gwangwanin madara uku a gefen tebur, na zuba katunan. Na farko na waɗanda suka ƙi shiga kanta ne, kullum sai ta bi ta kansu. Na biyu na waɗanda suka fara zama, Laraba da Asabar. Na uku na waɗanda suka zauna daram, sai ƙarshen wata take leƙa su. Riga ɗaya, kati ɗaya. In ta amsa daidai kati ya ci gaba. In ta yi tuntuɓe, ko daga na ukun ya fito, sai ta ce masa, "Koma aji ɗaya, mara kunya."

Wata tara tana haka. Ranar da ciwon haƙori ya mayar mata da kumatu kamar ƙwallo ma ba ta fasa ba, da gefen baki ta riƙa amsawa.

Sai ga ƙaninta, wanda ake kira Farfesa. Wannan bawan Allah sau uku yana zana jarrabawar nan, sau uku tana mayar da shi gida. Tsarinsa shi ne ya yi barci wata goma sha ɗaya, in saura kwana uku ya nemi haɗiye littafi tara. Amma fa wajen tsara jadawali babu na biyunsa. Biro kala shida gare shi. Ya taɓa kwashe kwana biyu yana zana jadawalin karatu da rula, da ya gama ya ce ya gaji, sai ya huta mako guda.

Saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa, Yaya Guga ta tafi karɓo katin shiga zauren jarrabawa, ta ce ya tsare mata shago na awa biyu. Awa biyu kacal, jama'a! Da ta dawo ta tarar da gwangwanayen a wanke tas, an kife su a rana. Katunan kuwa, ɗari takwas da 'yan kai, suna kan tebur ɗauri tara, kowane ɗauri da robarsa da sunan darasinsa da jan biro.

Farfesa yana tsaye yana murmushi kamar wanda ya ciyo kofi.

"Yaya, kin ga aiki ko? Na tarar da lissafi a cikin kimiyya, Turanci a cikin lissafi. Wannan ai ba karatu ba ne, juji ne. Na gyara miki."

Ta dubi katunan, ta dube shi. An ce kajin maƙwabta ma sai da suka yi tsit.

"Wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, ko sannu babu?"

"Na ce wa ya aike ka! Shago na ce ka tsare, ko kaina na ce ka kwance ka wanke?"

"To ai ko ɗaya bai ɓata ba, ki ƙirga."

"In ƙirga me? Ka nuna min wanda na sani a nan. Ka nuna min wanda jiya ya kayar da ni. Wata tara ina tankaɗe, ka zo ka juye min gari cikin tsaki, kana jira in ce an gode!"

"A ilmance dai, darasi-darasi ake—"

"Ilmin da ka je da shi sau uku? Rufe min baki, ɗan nema."

Abin da ya fi ƙona mata rai, har ga Allah shi gani yake taimako ya yi. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da shi. Ta dubi ɗaurin nan tara, masu kyau kamar za a kai su baje koli, ta ji hawaye na neman zubo mata a gaban yaron da ta goya. Ta haɗiye. Ta jawo bokiti ta kife.

"Zauna."

"Yaya, ina da wajen zuwa."

"Ka fasa. Kwance robar nan. Kai za ka tambaya, ni in amsa, har sai kowane kati ya koma gidansa."

Kwana huɗu Farfesa yana kan bokiti. Yana karanto tambaya, tana murza kwalar riga tana amsawa. Wanda ta ɗan yi jim kafin ta amsa, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta ce a jefa a na farko, don yanzu ba ta da hanyar sanin wanda ya zauna da wanda ya leƙo kawai. In ya ce, "Ai kin kusa, a ba ki," sai ta ɗaga dutsen guga ta ce, "A zaure ma kusa za su ba ni?" Masu kawo wanki suka riƙa daɗewa da gangan don kallo. Ya ce bayansa zai karye, ta ce nata wata tara yana karyewa. Da aka gama, kati ɗari da sittin ne a gwangwanin farko, inda a da ba su wuce hamsin ba. Da su ta yi kokawa a kwana bakwan da suka rage, tana yi tana tsaki.

Sakamako ya fito, ta ci shida. Lissafi da ƙyar ya tsallake, kamar akuyar da aka jawo ta kunne, amma dai ya tsallake. Makarantar ta ɗauke ta.

Ku ji inda abin haushin yake. Yanzu haka Farfesa yana teburin mai shayi yana ba da labari cewa shi ya koyar da yayarsa, cikin kwana huɗu, da sabon tsarinsa. Har wani ya zo shago yana tambaya ko Farfesa zai karɓi ɗansa ya koyar da shi.

Da maganar ta iso kunnen Yaya Guga ba ta yi faɗa ba. Ta ninke rigar da ke hannunta a hankali, ta ce a gaya masa ya ci gaba da baza labari, babu komai. Amma ya sani, ranar da aka fara ba ta izinin yin allura, da shi za ta buɗe hannu, kuma babbar za ta zaɓa.