Hannun Rigar Habu

Wata Juma'a ce da kaka, ranar kasuwar Wudil, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare. Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta taso daga Utai ta sayar da gyaɗarta, ta biyo gidanmu don ta yi azahar. Umma ta soya mata kifin da aka kamo a kogi da safe, ta ɗora a kan shinkafa da wake, ta shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Ni da ƙanena Habu muna gefe muna ɓarar gyaɗar da ta kawo mana tsaraba. Sai Gwaggo ta ɗago ta ce, "Habu, taho mu ci mana."

Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san amsar wannan kira a idon uwa take. Umma ba ta taɓa hana mu abu da baki a gaban baƙo ba. Kallo ɗaya take yi, ta ɗan tsuke baki, sai ka ce ka ƙoshi ko da cikinka na kuka. Habu kuwa bai iya gane wannan kallo ba. Yana ɗan shekara bakwai yana bambance motocin da ke haye gada da ƙarar injinsu, yana jera marafan kwalba daga bakin rijiya har zaure ba karkace, amma murmushin Umma da harararta duk ɗaya ne a wajensa. Don haka ni na zama idonsa. In na ga ran babba ya ɓaci, sai in ja hannun rigarsa sau ɗaya, ya tsaya cak. A gona haka muke, a makaranta haka muke, kullum yana tsaye a damana.

Ranar nan ban ja ba, kuma na ga hararar Umma sarai. Da safe ƙawayena sun tafi 'yar carafke sun bar ni, sun ce in dai da wawan ƙanena zan zo, in yi zamana. Haushinsa nake ji, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Habu ya dubi hannun rigarsa, ya jira, ya ga shiru, ya je ya zauna ya cinye kifin nan har da kai. Gwaggo ta yi ta dariya tana cewa ai yaro ne. Tana fita Umma ta karyo tsumagiya. Bai gudu ba, yana kuka yana maimaita, "Yaya ba ta ja ba." Umma ba ta san abin da yake nufi ba, ni kuma na yi gum. Ana haka Baba ya dawo daga masallaci, ya tarar da Umma fuska murtuk, ya tambaye ta ko akwai sauran kifi. A lokacin dariya abin ya ba ni.

Bara na kai 'yata Hafsa asibiti a Kano, don ba ta kallon ido, ba ta amsa suna. Likita ta ce galahanga ce, larurar da ke sa yaro wahalar cuɗanya da mutane. Ta baje mana hotunan fuskoki, mai fushi, mai tsoro, mai murna, ta ce abin yakan bi jini, har a dangi akan sami waɗanda ba su da larurar amma gane yanayin fuska yana ba su wuya. Ta tambaye ni ko akwai haka a gidanmu. Na tuna Baba da tambayar kifinsa, na tuna Habu. A zamaninmu taurin kai muke ce wa abin, tsumagiya ce maganinsa. Hafsa da hotuna ake koya mata, a hankali, ba mai ɗaga mata murya.

Umma ta rasu ba ta san laifin ranar nan nawa ne ba, shi ma Habu har yau ban faɗa masa da gangan na yi ba. Ranar ukunta Habu, wanda yanzu yake gyaran babur a bakin gada, ya shigo gaida mata masu ta'aziyya. Ya ratsa su da gemunsa, ya zo ya durƙusa a damana, ya matso da hannun rigarsa kusa da yatsuna. Bai taɓa daina yarda da ni ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.