Taubashina Garba, da Ranar da Ya Fara Girmama Ni

Ina ɗaure buhunan dawa a kan babur a Basirka, wani direba ya tsaya ya ce mini Garba ya rasu da hantsi. Na yi salati na zauna a kan buhu. Taubashina ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, kuma tare muka yi dillancin shanu a Gwaram tun kafin Turawa su tafi. A tsawon wannan zama, “bawa” yake kirana, ko a gaban surukaina.

Mutum ne mai kyauta, amma sai ya haɗa da baƙar magana. Shekarar da rumbuna ya ƙone, shi ya aiko da jakai biyu na gero, da saƙon cewa ba ya son bawansa ya mutu ya bar shi da asara.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ciniki ya buɗe, Garba ya yi wuya ya yi tumbi. Kilishi da man shanu ba sa yankewa a gidansa, gishiri kuwa a aljihu yake yawo da shi, wai matan zamani rowa gare su. Da jiri ya dame shi, na kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya ce hawan jini ne. Ya yi masa bayani cewa ciwon ba ya ihu, a hankali yake lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa har mutum ya manta na gida. Ya ce a rage gishiri, a sha ƙwaya kullum.

Garba ya yi godiya, muna fitowa ya zarce wurin wanzami aka jera masa ƙaho a bayan wuya. “Rijiya in ta cika kwashewa ake yi,” in ji shi. Ƙwayoyin kuwa ya raba wa maƙwabta masu ciwon kai. Kullum na yi magana sai ya ce, “Ciwon da bai hana cin tuwo ba, ƙazafi ne.”

Da mantuwa ta soma kama shi, da farko dariya muke yi. Ya taɓa sayar da sa ɗaya ga mutum biyu, ya kuma tsaya yana taya su mamaki. Dariyata ta tsaya ranar da na je gidansa a Fagam, ya miƙe ya shimfiɗa mini buzunsa, ya ce, “Sannu da zuwa, Alhaji. Daga wane gari?” Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Daga nan duk Juma'a sai na je na tsokane shi, ko zai rama. Na ce masa mai tumbin randa, ya ce, “Allah ya huci zuciyar Alhaji.”

Zuwana na ƙarshe, matarsa Inna Habi ta kawo fura. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo ƙwaryar gabansa ya ce, “Habi, ɗauke ludayi ɗaya. Wannan tun muna yara ba a haɗa ƙwarya da shi.” Na fita zaure na yi kuka har da majina, don daɗi.

Allah ya jiƙan Garba, ya gafarta masa taurin kai, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Habi da yara haƙuri, ya rufa musu asiri. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma sa Garba ya gane ni a can.