Koren Mayafin Matar Mai-fenti

Da sunan Allah nake farawa. Mai kitson da ke zuwa gidanmu ce ta fara ba ni labarin Mai-fenti. Kaina na kan cinyarta, tana ja tana masifa, har na rasa da wa take faɗa, da gashina ko da masu wankin hoto. Sauran kuma daga bakin 'yarsa Auta na ji. Yadda na ji haka zan faɗa, Allah ya tsare ni da ƙari.

Mai-fenti tun yana saurayi yake hawa tsani da bokiti. Duk layinsu babu bangon da bai sha burushinsa ba, babu kuma mai gidan da bai sha bakinsa ba. In ya haɗa kala ya shafa ka ce masa ta yi, sai ya galla maka harara: "Ɗanye kake yabo? Bari ya bushe, gobe da hantsi ka zo ka duba a inuwa." Matarsa kaɗai ke iya sauke shi. In ya dawo yana huci sai ta ce, "Malam, bango ne fa, ba Aljanna ba. Wanke hannu ka ci abinci."

To, Allah ya karɓi abarsa. Ita kuwa mace ce da ba ta son hoto. Guda ɗaya tak aka samu, a tsohuwar wayarsa, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da koren mayafi tana dariya. Wayar nan kuma ta kama ciwon ajali: batir ya kumbura, wani baƙin tabo ya taso daga gefen gilashin, kullum yana ƙara ci. Auta ta kwafe hoton a kwamfutarta, amma shi bai yarda da kwamfuta ba. A wayar ya saba ganin matarsa, kalar wayar yake so a takarda kafin tabon ya kai fuskarta.

Ya kai shagon wankin hoto. Washegari aka miƙo masa wata mata fara sol, kumatu jajur.

"Wace ce wannan?"

"Mama ce mana, Baba. Mun ɗan gyara ta ne, kowa haka yake so."

"Kun gyara ta? Wanda ya halicce ta ne bai iya ba, sai ku?"

Ya ajiye musu a kan tebur, ya ce su nemi mijin wannan su ba shi. Wallahi ni ma da na ji sai da raina ya ɓaci. Baiwar Allah ta yi zamanta da fatar da Ubangiji ya ba ta, ba ta taɓa shafa man bilicin ba, sai tana kabari wani mara kunya zai shafa mata?

Auta tana da firinta a kusurwar falo, da ita take buga wa 'yan makaranta takardu. Ya ce ita za ta yi aikin. Na farko ya fito baƙi ƙirin, sai haƙora. Na biyu fuskar ta yi ja kamar ta sha mari. Ya tsaya mata a ka, waya a hannu.

"Rage ja. Ƙara ruwan ɗorawa. Ke ba ki da ido ne?"

"Baba, waya haske ne a cikinta. Takarda ba ta da fitila."

"Kar ki koya min kala! Kina goye nake haɗa ta."

Suka canja takarda, suka sayo mai sheƙi. Tawada ta ƙare, aka ƙaro. Firinta ta sha zagi, munafuka ce yau, gobe 'yar baƙin ciki. Auta takan shige ɗaki ta yi kukanta ta fito. Tabo ya cinye ƙofar ɗakin da ke hoton, ya kama kafaɗar marigayiya. Ana haka, wata rana takarda ta fito, ya kara ta da wayar, kamar an tsaga kara. Ya washe baki, rabon da a ga haƙoransa tun ranar rasuwa.

Ya aika aka kira yayar matarsa, tsohuwa ce mai baki. Ta karɓa, ta kai nesa, ta kawo kusa, ta mayar masa.

"Wannan ba ƙanwata ba ce."

"Yaya, ga wayar nan, duba!"

"Wayar taka ma maƙaryaciya ce. Ƙanwata ta fi haka duhu. Mayafin nan kuma ni na ba ta, koren tsohon ganyen mangwaro ne, ba wannan kore shar ba. Haba Baban Auta! Kai da ka yi shekara da shekaru ɗaki ɗaya da ita, gilashi ne zai gaya maka kalarta?"

Ya juya kan Auta. Ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, irin wayoyin nan da kansu suke ƙara wa fuska haske tun wajen ɗauka. Ta so ta faɗa masa, tsoro ya hana ta.

Bai yi ihu ba, kuma shi ya fi ba su tsoro. Ya rufe ido yana neman fuskar matarsa, sai ta wayar ke zuwa masa. Ya kalli gilashin nan har ya goge masa ta gaskiyar. Shi da bai taɓa yarda da kalar da ke kan murfin gwangwanin fenti ba sai ya gani a bango, waya ta yi wasa da hankalinsa. Ranar ko abinci bai ci ba don haushin kansa.

Washegari da hantsi ya buɗe akwatin marigayiya, wanda ba a taɓa ba tun da aka fita da ita. Ya ciro mayafin, ya shimfiɗa a inuwar tsakar gida, ya kife wayar a ƙasa.

"Buga," ya ce wa Auta. "Kar ki kalli fuska. Koren kawai za mu bi."

In takarda ta fito sai ya bar ta ta sha iska, sannan ya ɗora a kan mayafin. In koren ya yi haske, a rage. In ya yi shuɗi, a rage. Har aka zo kan wadda koren hoto ya ɓace a cikin koren mayafi, ba ka gane inda takarda ta ƙare. Sai a lokacin ya yarda ya kalli fuskar.

Aka sake kiran yayar, ta leƙo ta bayansa, ta toshe baki da hannu. "Allah ya jiƙanki, baƙata," ta ce.

A satin wayar ta mutu. Ko kallonta bai yi ba, ya jefa ta a durowa.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa tsani. Hoton yana cikin akwati, naɗe a mayafin, in ya idar da sallar asuba yakan buɗe ya yi mata addu'a ya rufe. Da hantsi yana zaune a inuwar ƙofar gida, mutane na kawo wa Auta hotunan mamatansu, shi ne mai duba kala. Wanda bai zo da tufar da ke jikin hoton ba, sai ya koma ya ɗauko. Zafin ran kuwa yana nan daram. Mai kitso ta ce shekaranjiya ta gan shi ya biyo wani har bakin titi da sanda, don ya ce a ɗan ƙara wa mahaifiyarsa haske.